Tsohuwar Mota da Gwajin Shekara a Birtaniya: Jagora ga Mai Peugeot 504 da Ire-irenta

A Birtaniya, kusan duk motar da ta cika shekara uku da rajista dole ne a kai ta gwajin lafiya sau ɗaya kowace shekara kafin ta ci gaba da hawa titi. Gwajin nan shi ake kira MOT. An fara shi a 1960, zamanin da Ernest Marples yake ministan sufuri, kuma a lokacin motocin da suka kai shekara goma kaɗai ya shafa, abubuwa uku kawai ake dubawa: birki da fitilu da sitiyari. An yi ta rage shekarun har aka tsaya a kan uku a 1967, abubuwan da ake dubawa kuwa sai ƙaruwa suke yi. Yau hukumar DVSA ce ke kula da tsarin a Ingila da Sikotilan da Wels, sai dai ba ita ke yin gwajin da hannunta ba. Garejoji masu zaman kansu sama da 20,000 ta ba izini, ana gane su da shuɗin allo mai ɗauke da fararen alwatika guda uku. Kuɗin gwajin ƙaramar mota ba ya wuce fam 54.85, aikin kuma yakan ɗauki minti 45 zuwa awa ɗaya. Ayalan ta Arewa tana da nata tsarin dabam, inda cibiyoyin gwamnati ke yin gwajin, mota kuma sai ta kai shekara huɗu ake fara kai ta.

Ga motar zamani, gwajin nan al'ada ce kawai ta shekara-shekara. Ga tsohuwar motar da irinta ya yi ƙaranci kuwa, lamarin yana da sarƙaƙiya, domin mai gwajin sau da yawa bai taɓa shiga ƙarƙashin irinta ba, kayan gyaranta ba a samunsu a shagon bakin titi, ƙa'idojin da suka hau kanta kuma na wani zamani ne. Peugeot 504 misali ne mai kyau. An fara ƙera ta a Faransa a 1968, ta zama gwarzuwar motar Turai ta 1969, aka daina ƙera salun ɗinta a Turai a 1983. Masana'antar Peugeot ta Kaduna, wadda ta fara aiki a 1975, ta ci gaba da harhaɗa ta har bayan shekarar 2000, shi ya sa ba ta zama baƙuwa ga idon mutanen Arewa ba. A titunan Birtaniya kuwa ganinta ya zama sai an dace. Tsatsa ta ci wasu, wasu da yawa kuma 'yan kasuwa sun saye su sun yi jigilarsu zuwa Afirka tun suna da sauran ƙarfi.

Wace mota ce gwajin ya wajaba a kanta

Tun daga 20 ga Mayun 2018, motar da ta haura shekara 40 da ƙerawa ko da rajistar farko ba dole ba ne a kai ta gwaji, matuƙar ba a yi mata babban sauyi ba a cikin shekara 30 da suka gabata. Kafin nan, motocin da aka ƙera kafin 1960 kaɗai aka ɗauke wa, tun daga 2012. Sabuwar dokar ta fitar da kusan motoci 293,000 daga cikin gwajin a lokaci guda, kuma iyakar tana matsawa gaba kowace shekara. Hujjar gwamnati ita ce masu irin waɗannan motoci suna kula da su, ba sa yin doguwar tafiya da su, gwajin zamani kuma ya ƙunshi abubuwa da yawa da ba su shafe su ba. Mafi yawan waɗanda suka ba da ra'ayi lokacin da aka tuntuɓi jama'a ba su goyi bayan matakin ba, amma aka zartar.

Babban sauyi yana nufin canza shasi, ko gangar jikin da ke ɗauke da nauyin motar, ko tsarin gatari da sitiyari, ko inji, ta yadda motar ta tashi daga yadda aka ƙera ta. Wanda ya cire injin 504 mai silinda huɗu ya dasa na wata motar zamani ya fita daga rangwamen. Wanda ya sa wani injin irin na asali saboda na farkon ya mutu, bai fita ba. Mai motar ne da kansa yake bayyana cewa motarsa ta cancanta, a lokacin da yake sabunta harajin hanya, kuma idan a gidan waya ne sai ya cike takarda mai lamba V112. Babu jami'in da zai zo ya tabbatar. Nauyin yana wuyansa.

Wannan na nufin duk salun 504 da ta fito daga Faransa ta riga ta tsallake shekarun wajibci, amma ƙanwarta 505, wadda aka ƙera daga 1979 zuwa 1992, ta rabu biyu: na farkon sun fita, na ƙarshen suna ciki har yanzu. Rangwamen kuma daga gwaji ne kawai, ba daga doka ba. Wanda aka kama yana tuƙa mota mai haɗari, ko shekararta nawa, zai iya biyan tarar da ta kai fam 2,500, a kuma ɗora masa maki uku a lasisinsa. Kamfanin inshora ma yana da bakin magana idan aka yi haɗari aka tarar birkin ya daɗe da lalacewa. Saboda haka masu hankali daga cikin masu tsofaffin motoci suna kai su gwajin don raɗin kansu, dokar kuma ta yarda da hakan. Fam 54.85 ba komai ba ne a kan samun wanda ba ruwansa da son motar ya ɗaga ta sama ya haska ta da fitila.

Abin da alƙaluman cin gwaji ke faɗa, da abin da ba sa faɗa

Tun 2005 ake shigar da sakamakon kowane gwaji a kwamfuta, gwamnati kuma tana sakin bayanan ga jama'a ba tare da sunayen masu motoci ba. Daga nan ne ake lissafa cewa irin mota kaza kashi kaza cikin ɗari ke cin gwaji a karon farko. Idan aka haɗa dukkan ƙananan motocin ƙasar, kusan uku cikin kowace goma suna faɗuwa a karon farko, kuma fitilu da ƙafafun mota da birki da tayoyi su ne kan gaba wajen kayar da su. Abin mamaki ga wanda bai san harkar ba shi ne, faɗuwar tana ƙaruwa yayin da mota ke tsufa har zuwa shekarunta na goma sha, daga nan kuma sai ta fara raguwa. Motar da ta kai shekara 35 ta fi mai shekara 15 yiwuwar hayewa. Dalili ba ɓoyayye ba ne. Mai shekara 15 tana hannun wanda yake neman abin hawa mai arha, yana morarta kullum, gyara sai ya zama dole. Mai shekara 35 kuwa ta riga ta tsira daga wannan zangon, tana hannun wanda ya saye ta don sha'awa, tana kwana a rufaffen gareji, ba a fito da ita sai rana ta yi kyau.

Don haka adadi mai kyau a gaban sunan tsohuwar mota ba shaida ba ce ta ingancin ƙirarta. Shaida ce ta irin mutanen da suka rage suna riƙe da ita. Marasa lafiyar sun daɗe da zama ƙarafan gwangwan, ba sa cikin lissafi.

Ga motar da irinta ya yi ƙaranci akwai matsala ta biyu, wato ƙanƙantar adadin da ake lissafi da shi. A ɗauka motoci 20 ne kacal na wani iri aka gwada a shekara. Idan biyu suka faɗi, za a rubuta kashi 90 cikin ɗari sun ci. Idan shekara ta zagayo aka sami biyar da suka faɗi, adadin ya sauko zuwa 75, alhali babu abin da ya canza sai ƙwan fitila uku da suka mutu a wurare dabam-dabam. Wanda ya kwatanta wannan da adadin motar da ake gwada dubu ɗari nata a shekara ya yaudari kansa. Matsala ta uku ta zo da dokar 2018: tunda kai motar da ta haura shekara 40 ya zama ganin dama, waɗanda suka san motarsu ba za ta haye ba sai su ƙi zuwa, masu zuwan kuma galibi sun riga sun gyara komai. Ga kuma kuskuren rubutu, domin sunayen tsofaffin motoci sun shiga rajista ta fuskoki iri-iri, har mota iri ɗaya takan rabu gida uku a cikin bayanan. Abin da ya fi amfani a cikin alƙaluman shi ne jerin dalilan faɗuwa, ba kason ba. Idan aka ga tsatsa da birkin hannu suna ta maimaituwa a kan wani iri, an san inda za a fara dubawa.

Ƙa'idar ranar fara amfani

Kafin a taɓa sifana, ya kamata mai mota ya san ranar da aka fara amfani da motarsa, domin da ita ake auna kusan komai. Ba a neman tsohuwar mota ta cika sharaɗin da aka kafa bayan an ƙera ta. Bel ɗin kujerun gaba ya wajaba ne daga 1 ga Janairun 1965, na kujerun baya daga 1 ga Afrilun 1987. Jar fitilar hazo ta baya daga 1 ga Afrilun 1980. Fitilun gargaɗi masu ƙiftawa gaba ɗaya da ƙananan sigina na gefe daga 1 ga Afrilun 1986. Lambar shasi kuma ana neman ganinta a jikin motar da aka fara amfani da ita daga 1 ga Agustan 1980. Mai 504 ta 1974 ba ya buƙatar ko ɗaya daga cikinsu sai bel ɗin kujerun gaba. Amma bel ɗin da aka ɗaura a kujera, ko da doka ba ta tilasta shi ba, za a duba lafiyarsa, kuma idan ya yage ko makullinsa ba ya kamawa zai iya kayar da motar. Littafin ƙa'idojin gwajin yana nan kyauta a intanet. Ba laifi ba ne mai mota ya buga shafin da ya shafe shi ya tafi da shi, tunda matashin mai gwaji yana iya mance cewa akwai lokacin da ake ƙera mota babu fitilar hazo.

Tsatsa

Tsatsa ce babbar abokiyar gabar tsohuwar mota a Birtaniya, kuma ita ce gyaran da ya fi cin kuɗi da lokaci, don haka da ita ake farawa, aƙalla wata biyu kafin ranar gwaji. Ƙasar tana da danshi, ana kuma watsa gishiri a tituna lokacin hunturu don narkar da ƙanƙara. Ruwan gishirin nan yana shiga kowane lungu na ƙarƙashin mota, ya haɗu da laka ya zauna, ya ci ƙarfe daga ciki zuwa waje. Injin 504 yana iya yin tafiyar da ta wuce tunani, amma jikinta bai da wannan juriyar a irin wannan yanayi.

Ba kowace tsatsa ce ke kayar da mota ba. Ramin da ke tsakiyar ƙofa muni ne kawai, sai fa idan bakinsa yana da kaifin da zai yanki mai wucewa. Abin da mai gwaji ke nema shi ne ruɓewar da ta raunana ƙarfen da ke ɗauke da nauyi, musamman a cikin tazarar santimita 30 daga inda aka ɗaure ƙafafun mota, ko sitiyari, ko kayan birki, ko bel ɗin kujera. A motar da ba ta da shasi dabam, wadda gangar jikinta ce ke ɗauke da komai kamar 504, wannan da'irar tana mamaye wurare da yawa: dogayen kwalayen ƙarfe da ke ƙarƙashin ƙofofi, saman ramin tayar gaba inda kan shokazoba ke zama, ƙasan mota kusa da ginshiƙin tsakiya, da inda aka ɗaure ƙarfen da ke riƙe da ƙafafun baya. Mai gwaji ba shi da izinin kwance komai ko tono. Yana dubawa da ido, ya danna da yatsa, ya ƙwanƙwasa da wata 'yar guduma mara nauyi da aka tanada don wannan aikin. Lafiyayyen ƙarfe yana amsawa da ƙara mai kaifi, ruɓaɓɓe ko wanda aka cike da ƙullu kuwa sai a ji shi dum.

Mai mota zai iya yin wannan binciken da kansa. Sai ya wanke ƙarƙashin motar da ruwa mai ƙarfi, ya bari ta bushe, ya ɗaga dardumar ciki da ta but ya duba ƙasa, ya bi duk inda baƙin shafin kariya ya kumbura ya danna. Kaurin baƙin shafi sabo a ƙarƙashin tsohuwar mota abin zargi ne, ba abin kwantar da hankali ba, domin sau da yawa kyan ɗan maciji ne. Idan an sami rami a wurin da ya shafi ƙa'ida, maganinsa ɗaya ne: a yanke ruɓaɓɓen ƙarfen har a kai ga mai lafiya, a sa sabo mai kauri irin na asali, a yi masa walda a zagaye ba tare da tsallake ba. Walda ɗigo-ɗigo ba ta karɓuwa a kan faci, sai a inda masana'anta ta haɗa ƙarfen da irin wannan waldar tun asali kuma aka canza ɓangaren gaba ɗaya. Ƙullun cike rami ko zaren gilashi ba gyara ba ne a idon gwaji. Kuma ya fi kyau a kai motar da sabuwar walda a buɗe, da fenti kawai a kanta, a bar shafin kariya sai bayan an gani.

Birki

Zama ne ke kashe birkin tsohuwar mota, ba tafiya ba. Man birki yana shan danshi daga iska, ruwan da ya shiga kuma yana sa fistocin birki su yi tsatsa su maƙale. Motar da ta shafe watannin hunturu a ajiye takan fito da ƙafa ɗaya tana kamawa ɗaya ba ta kamawa, direba kuma ba lallai ya ji ba idan a hankali yake tafiya. Injin gwaji yana ji. Ana ɗora tayoyi a kan wasu gangunan ƙarfe masu juyawa, a taka birki, a karanta ƙarfin kowace ƙafa. Idan bambancin dama da hagu a gatari ɗaya ya wuce kashi 30 cikin ɗari, motar ta faɗi. Birkin ƙafa na motar shekarun 1970 da 1980 dole ƙarfinsa ya kai kashi 50 cikin ɗari na nauyin motar. Birkin hannu kashi 16 ake nema idan bututun birkin ƙafa layi biyu ne, kashi 25 kuma idan layi ɗaya ne, domin a irin wannan motar birkin hannu ne kaɗai madogara idan mai ya tsiyaye.

Yawancin salun 504 suna da birkin faifai a ƙafafu huɗu, abin alfahari a zamaninta, amma birkin hannun da ke aiki ta kan faifan baya ba ya son zama. Wanda ke ajiye motarsa na tsawon lokaci gara ya bar birkin hannu a sake, ya sa giya, ya tokare tayoyi. Kafin gwaji a ɗaga kowace ƙafa a juya ta da hannu, a taka birki a saki, a ga ko ta saki nan take. A bi bututun ƙarfe daga gaba zuwa baya, musamman inda maƙalai suka riƙe shi da inda ya bi ta saman tankin mai, nan ne yake ruɓewa ba a gani. Tiyon roba da ya tsattsage ko yake kumbura idan an taka birki a canza shi, man birki kuma a sauya shi duk shekara biyu ko da motar ba ta je ko'ina ba. Tun 2018 gurɓataccen man birki ma dalilin faɗuwa ne. Motocin da tsarinsu bai dace da gangunan ba, ana gwada su a kan titi da wata na'ura da ake ajiyewa a cikin mota tana auna saurin tsayawa, kuma mai mota ya kamata ya faɗa tun kafin a fara idan tasa tana cikinsu.

Sitiyari, ƙafafu da tayoyi

A nan ne rashin sanin tsohuwar mota ya fi jawo saɓani. Motocin da ke da akwatin sitiyari irin na da an yarda musu da lilon da ya kai milimita 75 a bakin sitiyari, masu tsarin sandar haƙora kamar 504 kuwa milimita 13 ne. Wasu tsofaffin ƙafafu an ƙera su da ɗan motsi tun asali, wanda ya saba da motar zamani kuma zai ɗauka lalacewa ce. Abin da ba shi da uzuri shi ne robar da ta ruɓe ta rabu da ƙarfenta, da rigar robar gaɓa da ta yage ƙasa na shiga, da shokazoba mai zubar da mai sosai, da sifirin da ya karye. A sa girisi a duk inda aka tanadar masa kafin a tafi.

Zanen taya dole zurfinsa ya kai milimita 1.6 a tsakiyar kashi uku cikin huɗu na faɗinta, a duk zagayenta. Tsohuwar mota ba kasafai take cinye zane ba, shekaru ne ke cin robar. Gwajin ƙaramar mota bai kafa iyakar shekarun taya ba, don haka taya mai shekara 20 tana iya hayewa matuƙar tsagarta ba ta kai ga zare ba, alhali ta bushe ta daina riƙe jiƙaƙƙen titi. Wannan giɓi ne a cikin gwajin, mai mota ne zai cike shi. Lambobi huɗu na ƙarshe a gefen taya suna nuna mako da shekarar da aka yi ta. Idan lambobin uku ne, an yi ta kafin shekarar 2000, kuma ba ta da sauran amfani a kan hanya.

Fitilu da hayaƙi

Fitilu ne suka fi kayar da motoci, su ne kuma mafi arhar gyara. A tsohuwar mota laifin yawanci ba na ƙwai ba ne, na wayar da ke komawa jikin ƙarfe ne da tsatsa ta ci mahaɗinta. Alamarsa ita ce fitilar baya ta dushe ko ta riƙa ƙiftawa idan aka kunna sigina tare da taka birki. A goge mahaɗin har ƙarfe ya yi haske. Sigina ya ƙifta sau 60 zuwa 120 a minti. Motar da aka shigo da ita daga Faransa ko wata ƙasar da ake tuƙi a hannun dama tana da fitilun gaba masu karkata haske zuwa dama, wato cikin idon mai tahowa a titin Birtaniya, sai an canza su ko an rufe wannan ɓangaren hasken. Tsagar gilashin gaba da ta wuce milimita 10 daidai gaban direba, ko milimita 40 a sauran inda waifa ke sharewa, ita ma matsala ce idan tana tare gani. Kwalbar ruwan wanke gilashi da babu ruwa a cikinta ta sha kayar da motar da aka kashe wa dubban fam.

Hayaƙin motar fetur da aka fara amfani da ita kafin Agustan 1975 da ido kawai ake duba shi. Daga Agustan 1975 zuwa Yulin 1986 ana sa na'ura a salansa, iskar gubar nan ta kabon monoksaid kada ta wuce kashi 4.5 cikin ɗari. Daga Agustan 1986 zuwa Yulin 1992 iyakar ta sauko zuwa 3.5. A duka zangunan biyu, ragowar man da bai ƙone ba kada ya wuce 1,200 cikin miliyan. Injin da ke da lafiyayyen kafireta da fulogi masu kyau yana cika wannan ba tare da wahala ba, matuƙar ya yi zafi sosai. Idan an dasa wa mota injin da ya girme ta, da shekarar injin ake auna hayaƙin, amma sai mai motar ya kawo shaida. Tun Satumban 2021 fetur na gama-gari a ƙasar yana ɗauke da sinadarin itanol har kashi 10 cikin ɗari, wanda ke cin tsofaffin tiyo da robobin kafireta. Ɗigar fetur ko kaɗan faɗuwa ce, don haka masu tsofaffin motoci suka koma shan mai tsada mai lamba E5, suna kuma canza tiyo zuwa na zamani. Ɗan naso na baƙin mai ba ya kayarwa, sai zubar da ta tara tabon da ya wuce milimita 75 a ƙasa cikin minti biyar.

Ranar gwaji da bayanta

Zaɓen gareji rabin aiki ne. Ƙungiyoyin masu tsofaffin motoci, waɗanda yawancinsu ke ƙarƙashin tarayyar FBHVC, sun san garejojin da ke da masu gwajin da suka saba da irin waɗannan motoci. Ba sassauci ake nema ba, sani ake nema: wanda ya san inda ake sa jak ba tare da ya lotsa ƙasan mota ba, ya kuma san yadda ake tayar da inji mai cok. Ana iya yin gwajin tun saura wata ɗaya ba kwana ɗaya takardar da ke hannu ta ƙare, ba tare da an yi asarar ranar sabuntawa ba, wannan tazarar kuma tana da muhimmanci ga wanda kayan gyaransa sai an yi odarsu daga Faransa. A ranar, a yi tafiyar aƙalla rabin awa kafin a isa, a taka birki da ƙarfi sau da dama inda babu kowa a baya don goge tsatsar faifai. Doka ta yarda a tuƙa motar da takardarta ta ƙare zuwa gwajin da aka riga aka tsayar da lokacinsa. A wajen wannan, tarar tana kai fam 1,000.

Tun Mayun 2018 ana raba laifuffuka gida uku. Mai haɗari da babba suna kayar da mota, kuma mai haɗari yana nufin kada a tuƙa ta sai an gyara. Ƙarami ba ya kayarwa, ana dai rubuta shi. Bayan su akwai shawarwarin mai gwaji kan abin da ya fara lalacewa amma bai kai ga laifi ba, kuma ga mai tsohuwar mota wannan ne sashen takardar da ya fi daraja, domin shi ne jerin aikin shekara mai zuwa. Idan aka bar motar a garejin aka gyara ta cikin kwanakin aiki goma, sake duba abin da ya faɗi kyauta ne. Wanda yake ganin an zalunce shi yana da kwanakin aiki 14 ya kai ƙara ga DVSA, da sharaɗin kada ya taɓa motar kafin jami'in hukumar ya sake duba ta.

Takardar cin gwaji tana shaida ne kawai cewa a wannan ranar motar ta cika mafi ƙarancin sharaɗi a kan abubuwan da ake iya gani ba tare da kwancewa ba. Ba ta cewa komai game da lafiyar inji ko kuloci ko giya, ba a cire taya a leƙa cikin gangar birki, tayar safaya ma ba a duba ta. Mai niyyar sayen irin wannan mota zai fi ƙaruwa da tarihinta gaba ɗaya, wanda kowa zai iya gani kyauta a shafin gwamnati da lambar motar kawai. A nan zai ga nisan tafiyar da aka rubuta kowace shekara, da dalilan faɗuwa, da shawarwarin da aka yi ta maimaitawa ba a kula ba. Motar da aka rubuta mata tsatsa shekara uku a jere, sannan tarihinta ya yanke daidai lokacin da ta cika shekara 40, ba a sayenta sai an ɗaga ta sama an duba, kuma mai saye yana da damar ya nemi a kai ta sabon gwaji kafin ya biya kuɗi.